Sharar Gida da ta Lambu: Tambayoyi da Amsoshi

Babu gidan da ba ya fitar da shara, babba ko ƙarami. A rahoton da ya fitar a 2018, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa duniya na tara shara tan biliyan 2.01 a kowace shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku nata ba a kula da shi ta hanyar da ta dace. Idan aka ci gaba da tafiya a haka, adadin zai kai tan biliyan 3.4 nan da 2050. Ga amsoshin tambayoyin da masu gida da masu lambu suka fi yi game da wannan al'amari.

Me ya sa zan wahalar da kaina da raba shara, alhali mota ɗaya ce ke kwashe ta duka?

Mai wannan tambaya yana da hujja, amma tun a kicin shara ke lalacewa, kafin ta kai ga mota. Kwali busasshe mai tsabta kaya ne, akwai masana'antar da za ta saye shi ta mayar da shi sabon kwali. Da zarar an juye masa ragowar abinci mai maiƙo, shi ke nan, ya koma ƙazanta, babu mai karɓarsa. Haka takarda take, haka tsumma, haka leda. Ko da mota ɗaya ce za ta ɗauki komai, busasshen kayan da aka ɗaure daban a buhu zai isa hannun masu tantancewa da amfaninsa.

Rahoton Bankin Duniya ɗin ya nuna cewa kashi 44 cikin 100 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyaye. Takarda da kwali sun kai kashi 17, roba 12, kwalba 5, ƙarfe 4. Kason abinci da ganyayen nan kusan rabin abin da ke cikin kwandon ke nan, kuma shi ne mai nauyi, mai ruwa, mai wari, mai kiran ƙudaje da ɓeraye. Wanda ya cire wannan kaso ya yi taki da shi zai ga kwandonsa ya daina cika da wuri, warin kuma ya ɗauke. Idan kuwa aka binne shi a juji inda iska ba ta shiga, yana ruɓewa ya fitar da iskar mitan, wadda a tsawon shekara 100 take riƙe zafi a sararin samaniya kusan ninki 28 fiye da iskar kabon dayokzayid. Jujin da ya yi tudu ma haɗari ne ga mazauna kusa da shi: a watan Maris na 2017, jujin Koshe da ke Adis Ababa ya zaftare ya halaka mutum sama da 100.

A ganina, wanda ba zai iya yin komai ba sai abu ɗaya, to ya raba jiƙaƙƙe da busasshe.

Kwanduna nawa ake buƙata a gida?

Uku sun isa. Bokiti mai murfi na ragowar abinci da ɓawo, wanda za a riƙa juyewa kullum. Buhu ko babban kwando na busassun kaya: roba, kwalba, gwangwani, kwali da takarda. Sai na uku, na abin da ba ya ruɓewa kuma ba a sake sarrafa shi, kamar kunzugun yara da audugar mata da ledar da ta ɓaci. A ƙara da ɗan akwati guda na batir da ƙwan fitila da tsofaffin magunguna, a ɗora shi inda hannun yaro ba zai kai ba.

Kada a damu da launin kwando. Kowace ƙasa, wani lokaci ma kowane birni, da nasa tsarin launuka, don haka hukumar kwasar shara ta yankinku ce za ta faɗa muku wanda take bi.

Sai na wanke roba da gwangwani kafin in zubar?

Ɗauraya kawai ake so. Ragowar ruwan wanke-wanke ya wadatar, ba sai an ɓarnatar da ruwa mai tsabta ba. A bar su su tsane, a take robar ruwa ta baje don kada ta cinye wuri, a ɓalle kwali a shimfiɗe shi.

Lambobin da ke ƙasan kayan roba, me suke nufi?

Idan kuka kifa robar ruwa za ku ga lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku. Masana'antun roba na Amurka ne suka ɓullo da wannan tsari a 1988, kuma lambar tana faɗin irin robar ne kawai. Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da ke ɗauke da alamar ana sake sarrafa shi, alhali ba haka ba ne.

Lamba 1, wato PET, ita ce ta robar ruwan sha da lemo. Lamba 2, HDPE, ita ce ta jarkoki da robobin sabulun ruwa masu kauri. Waɗannan biyu su ne suka fi kasuwa a ko'ina. Lamba 5, PP, ta bokitai da murafai da wasu mazuban abinci, ita ma ana karɓarta a wurare da dama. Lamba 4 ta leda ce mai laushi, tana buƙatar mai karɓa na musamman, domin tana naɗewa a jikin injin tantancewa. Lamba 3, PVC, ta bututun ruwa, da lamba 6 ta farin mazubin abincin nan mara nauyi mai saurin gutsurewa, da lamba 7 ta gauraye, da wuya a sami mai sarrafa su.

Da gaske ne yawancin roba ba a sake sarrafa ta?

Gaskiya ne. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta bayyana a 2022 cewa kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Sauran yana ƙarewa ne a juji, ko a wuta, ko a kwata da koguna. Dalilan a fili suke: robobi iri-iri ne da ba sa narkewa tare, sabuwar roba sau da yawa ta fi tsohuwa araha, sannan ingancin roba yana raguwa duk lokacin da aka narka ta. Shekara da shekaru ƙasashe masu arziki suna loda tasu a jiragen ruwa zuwa Sin, har zuwa 2018 da Sin ta rufe ƙofa ga mafi yawan irin wannan shara, sai asirin tsarin ya tonu.

Wannan bai sa tara roba ya zama aikin banza ba, musamman mai lamba 1 da 2. Sai dai robar da ba a shigo da ita gida ba ta fi wadda aka tara sauƙin sha'ani. Jakar cefane mai ƙwari, gorar ruwa da ake sake cikawa, da sayen kaya a babban mazubi ɗaya maimakon ƙanana goma, suna rage shara fiye da yadda ake zato.

Ita kuma leda fa?

Leda ce ta fi kowace shara ɓarna idan aka dubi ƙanƙantarta. Iska na ɗaukarta, ta toshe magudanar ruwa, dabbobi su haɗiye ta ta cunkushe musu ciki har su rame su mutu. Bangaladesh ta haramta siririyar leda a 2002 bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanu lokacin ambaliya. Ruwanda ta yi tata dokar a 2008, Kenya a 2017. A gida, a yi amfani da kowace leda har ta gaji, sannan a cusa su cikin guda ɗaya a ɗaure tamau kafin a zubar, don kada su watse.

A cikin busassun kaya, wanne ya fi cancanta a tara?

Gwangwanin alminiyom ne kan gaba. Narka tsohon alminiyom yana cin kusan kashi 5 ne kawai cikin 100 na makamashin da ake buƙata wajen haƙo sabo da tace shi, kuma ingancinsa ba ya raguwa. Shi ya sa kusan ko'ina ake samun mai saye. Ƙarfe da jan ƙarfe su ma haka.

Kwalba ana iya narka ta ba iyaka. Amma a kiyaye: tangaran, madubi, gilashin taga da kwanon gilashi mai jure wuta ba sa shiga cikin kwalabe, domin zafin da ke narka su daban ne, kuma gutsure ɗaya na iya ɓata narkakken gilashi mai yawa. Takarda kuwa zarenta yana gajarta a kowane zagaye, don haka sau biyar zuwa bakwai ake iya maimaita ta. Takardar da ta sha mai, da ta goge hannu, da rasit mai santsi, ba sa cikin lissafi.

Wasu ƙasashe suna ɗora ɗan kuɗin ajiya a kan kwalba da gwangwani, wanda ake mayar wa mai saye idan ya dawo da su. Jamus ta faɗaɗa irin wannan tsari a 2003, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan mazubai suna komawa.

Yaya ake haɗa taki a gida?

Kayan haɗin iri biyu ne. Akwai ɗanye mai ɗauke da naitirojin: ɓawon kayan marmari da na kayan lambu, ɗanyar ciyawa, tukar shayi da ta kofi, da kashin dabbobi masu cin ciyawa. Akwai busasshe mai ɗauke da kabon: busassun ganye, kara da aka sassara, kwalin da aka yayyaga, da garin katakon da ba a yi wa fenti ba. A kan kowane bokiti ɗaya na ɗanye, a sa biyu ko uku na busasshe. Ɓawon ƙwai ma yana shiga, amma a murƙushe shi tukuna.

A zaɓi wuri mai inuwa a kan ƙasa, ba a kan siminti ba, don tsutsotsi da sauran ƙananan halittu su sami hanyar shiga. A fara shimfiɗa ƙananan rassa a ƙasa saboda iska, sannan a riƙa jera ɗanye da busasshe bi da bi, kuma kullum busasshe ne zai zama a sama. Tarin da ya kai kimanin mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi shi ne ke riƙe zafi da kyau.

Danshi shi ne inda aka fi yin kuskure. A damƙo ɗan takin a matse a hannu: ya kamata ya zama kamar tsumman da aka matse, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsu. Idan ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa, a ƙara busassun ganye. Idan ya warwatse a tafin hannu, a yayyafa ruwa. Bayan 'yan kwanaki, duk wanda ya tura hannu cikin tarin zai ji ɗumi sosai, da sassafe ma har tururi ake gani yana tashi idan aka buɗe tsakiyarsa. Wannan zafi, da ke iya kaiwa digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, shi ne ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta.

A riƙa juya tarin duk mako ɗaya ko biyu, na gefe ya koma tsakiya. Mai juyawa a kai a kai zai iya samun taki cikin wata biyu zuwa uku. Wanda ya bar shi ba juyi zai jira wata shida zuwa shekara, amma zai samu. Idan ya nuna zai yi duhu, ya yi laushi, ya yi ƙamshin ƙasa, ba a iya gane abin da aka zuba da farko.

Abubuwan da ba a sawa: nama, kifi, ƙashi, madara, mai, da kashin kare ko na kyanwa. Na farkon suna jawo ɓeraye da wari, na ƙarshen kuma yana iya ɗauke da cututtukan da ke kama mutum.

Takina yana wari, ƙudaje sun yi masa yawa. Me ya faru?

Ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A juya shi, a cuɗa masa kwali da busassun ganye. Idan warin mai hawa kai ne irin na fitsari, ɗanyen ne ya rinjayi busasshen. Ƙudaje kuwa suna zuwa ne idan an bar ragowar abinci a sarari, don haka a riƙa tona rami a tsakiyar tarin ana binne shi.

Ba ni da fili, a bene nake zaune. Zan iya?

Za a iya. Bokiti mai murfi da aka huda ƙananan ramuka a jikinsa da ƙasansa zai yi aikin, muddin ana zuba busasshen kaya a kan kowane zubi. Wasu suna kiwon jajayen tsutsotsin taki a cikin akwati, su cinye ɓawon su bar taki mai kyau. Wanda duk wannan ya yi masa nauyi, ya nemi maƙwabci mai lambu ko mai kiwo ya riƙa ba shi.

Ganye da rassan da na share a lambu, ina zan kai su?

Mafi yawansu bai kamata su bar lambun ba. Busassun ganye da aka shimfiɗa a gindin shuka suna riƙe danshi, suna hana ciyawa fitowa, daga baya su ruɓe su zama abincin ƙasa. A bar ɗan tazara tsakaninsu da jikin shukar don kada ta ruɓe. Manyan rassa a sassara su ƙanana kafin a sa a taki. Shukar da ta kamu da cuta, da ciyawar da ta riga ta yi iri, a fitar da su tare da sharar da ba a sarrafawa, sai dai in an tabbata tarin takin yana yin zafi sosai. Tokar itace zalla ana iya barbaɗa kaɗan, amma yawanta yana sauya yanayin ƙasa. Tokar da aka ƙona leda ko fenti a cikinta kada ta kusanci abin da za a ci.

Mene ne laifin ƙona shara a bayan gida? Ai ta fi saurin ƙarewa.

Wannan ita ce ɗabi'ar da na fi so in ga an bari. Sharar da aka ƙona ba ƙarewa take yi ba, tana komawa hayaƙi ne ta shiga ƙirjin mutane, sauran kuma ya zama toka mai guba a ƙasa. Wutar bayan gida ba ta da ƙarfi, cin-ciki take yi tana turnuƙewa, kuma a irin wannan yanayi ne roba, musamman PVC, ke fitar da sinadaran dayoksin da furan. Suna cikin gubobin da Yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla, ta sa a gaba, saboda ba sa saurin gushewa. Suna sauka a ƙasa da ganye, kaji da dabbobi su ci, su taru a cikin kitse da ƙwai da madara, daga nan su dawo jikin mutum. Don a ga bambanci, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masana'antun ƙona shara su kai hayaƙinsu zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu, ga kuma matatun da ke tace shi. Babu wutar tsakar gida da ke kusantar haka.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne jarirai, tsofaffi, masu juna biyu da masu asma, kuma sau da yawa ba su ne suka kunna wutar ba. Ga haɗarin gwangwanin feshi da batir da ke fashewa cikin wuta, ga gobarar da iska ke iya kaiwa gidan maƙwabci. Gidan da ya yi taki da jiƙaƙƙen kaya, ya ware busasshe ga masu saye, zai tarar abin da ya rage kaɗan ne, bai kai a kunna masa wuta ba.

Batir, ƙwan fitila da tsohuwar waya fa?

Kada su shiga kwandon shara. Batirin litiyom na waya da kwamfuta yana kamawa da wuta idan aka matse shi ko aka huda shi, kuma yana yawan haddasa gobara a motocin shara da wuraren tantancewa. A manna salatif a bakinsa, a ajiye a wuri mai sanyi har a kai wurin karɓa. Wanda ya kumbura kada a sake sa shi a caji. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli kuwa, idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu, don haka asibiti za a nufa nan take.

Batirin mota da na sola masu ruwa suna ɗauke da dalma. A mayar da su ga dillali ko mai sarrafawa da ke da izini, kada a fasa su a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba shi da illa, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi cutuwa.

Doguwar fitila mai farin haske da ƙwan nan mai murɗe suna da zaiba mai guba a ciki. Idan ɗaya ya fashe, a buɗe taga, kowa ya fita na minti 10 zuwa 15, sannan a tattara gutsattsarin da kwali da jiƙaƙƙiyar takarda, a rufe a kwalba. Kada a share da tsintsiya. Game da kayan lantarki, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma kashi 22.3 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Kafin a rabu da waya, a goge bayanan da ke ciki a cire layi.

Magungunan da suka lalace, man girki da mazubin maganin ƙwari?

Magani a mayar da shi kantin magani idan suna karɓa. In ba haka ba, a cakuɗa shi da ƙasa ko tukar shayi, a ƙulle a leda a sa a shara. Kada a zuba a masai. Man girki a bar shi ya huce a ɗura a roba, domin idan ya bi bututu yana daskarewa ya toshe shi. Baƙin man inji a kai wa masu karɓa, kada ya taɓa ƙasa ko kwata.

Mazubin maganin ƙwari a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda shi. Hudawar tana da muhimmanci, saboda jarka mai kyau wani zai tsinta ya zuba ruwan sha a ciki.

Idan motar shara ta yi kwanaki ba ta zo ba, ko babu mai kwasa a unguwar?

Busassun kaya za su iya jira makonni ba tare da matsala ba, jiƙaƙƙe kuma ya tafi taki. Sauran a ɗaure shi da kyau a mazubi mai murfi. A kula da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da duk abin da ke tara ruwan sama, domin sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara a cikinsu yake hayayyafa, kuma mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai ya zama babba. A kife su ko a huda su. Maƙwabta su haɗa kai su kai kuka ga hukumar da abin ya shafa a rubuce, ko su yi yarjejeniya da mai kwasa mai izini, su kuma tambaye shi inda yake kai sharar, don kada a biya kuɗi a kwashe daga ƙofar gida a juye a rafi.

Akwai abin da ya kamata in yi saboda masu kwasar sharar?

Akwai. Buhun da aka ɗaure, hannun mutum ne zai ɗaga shi, a wurare da yawa ma hannu ne zai buɗe shi ya tantance. Fasasshiyar kwalba da reza a naɗe su da kwali mai kauri a ɗaure, a rubuta a jiki. Allurar da aka yi amfani da ita a sa ta cikin roba mai kauri mai murfi, a rufe a manne da salatif. Murfin gwangwani mai kaifi a tura shi ciki a matse bakin. Kada a cika buhu fiye da abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, kada a zuba garwashi ko toka mai zafi, kuma a fitar da shara a ranar da aka tsara, a ajiye ta inda mota za ta iya kaiwa.